Ya cinye min kuɗin albasa, yanzu sirrinsa na hannuna, in tona ko in bar wa Allah?

Mai Albasa (Marwa):
Salama 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya cika min ciki na rasa wanda zan gaya wa. Bara bayan girbi na sayi albasa a wajen Meskin na zuba a rumfa, duk wanda ya taɓa ajiyar albasa ya san wahalarta, kullum kana juyawa kana tsince ruɓaɓɓu kar su kama sauran, wata biyar ina wannan aiki har hancina ya daina jin warin. Da kuɗinta ya tashi na cika buhu 40 na haɗa da kayan wani ɗan'uwa da muke coci ɗaya, shi ne mai zuwa Duwala, ni ban taɓa wuce Ngaundere ba. Baki da baki muka yi, ba takarda ba resi, to wa zai nemi takarda wajen mutumin da kuke cin jibin Ubangiji tare? Ya dawo ya ce wai kamiyo, wato babbar motar kaya, ya lalace a hanya kwana huɗu kaya sun ruɓe, ya miƙo min jaka 150 ya ce abin da aka tsira da shi ke nan. Na karɓa, har jaje na yi masa fa. Sai bayan wata biyu muna shan shayi a tasha yaron motar da bakinsa ya ce min kaya lafiya lau suka isa kasuwar Sandaga a Duwala, a gabansa aka sauke aka sayar. Da na zauna na yi lissafi abin da ya danne min ya kai jaka 900, kuma jarin ba nawa kaɗai ba ne, akwai kwasar adashin matata a ciki. Na same shi ya ce in kawo shaida. Yaron mota kuma ya ce shi ba ruwansa, kar in ja masa kora.

To ga inda nake neman shawara. Mutumin nan yana shigo da zua-zua, wato fetur na fasa-ƙwauri, daga Najeriya, na san gidan da yake ɓoye jarkokin, na san daren da masu mashin ke shigowa da su. Lambar wani ɗan duwan, wato ɗan kwastan, tana cikin wayata. Kira ɗaya ne ya rage. Daren jiya har na danna ta fara shiga na kashe. Ran Lahadi kuma ina zaune shi ne ya miƙo min kwandon baiko yana murmushi, sai da na ji kamar in tashi in fita. Me zan yi?

Ɗan Kuseri:
Kira kawai yayana, me kake jira? Rana dubu ta ɓarawo rana ɗaya ta mai kaya. Ai ba sharri za ka yi masa ba, abin da yake yi ɗin doka ta hana. Mu kullum haƙuri haƙuri, shi ya sa kowa ke taka mu.

Yar Mawaƙa:
Kai jaka 900!! Sannu baba. Allah ya mayar maka.

Mai Bishara (Gidar):
Sannu ɗan'uwa, an cuce ka kam, ba wanda zai ce ba a cuce ka ba. Amma kafin in ce komai bari in yi maka tambaya ɗaya ka amsa tsakaninka da Allah. Wannan sana'ar zua-zua ɗin tasa, yaushe ka san da ita? Kafin maganar albasa ko bayanta?

Mai Albasa (Marwa):
Gaskiya ta kai shekara uku na sani. A wajensa ma nake zuba wa mashin ɗina mai, yana rage min.

Mai Bishara (Gidar):
Toh ka gani. Shekara uku doka ba ta dame ka ba, har da kai a masu saye. Ke nan in ka kira yau ba don kishin ƙasa ba ne, don ya ji zafin da ka ji ne. Sunan wannan ramuwa ko da rigar duwan aka sa mata. Kuma ka san abin da Romawa 12:19 ta ce, kada mu rama da kanmu, mu ba fushin Allah wuri, gama ramuwa tasa ce shi zai saka. Ni abin da ke burge ni a ayar, ba a ce laifin ba komai ba ne, ba a ce ka manta ba. An ce akwai mai shari'ar, kuma ba kai ba ne. Ka tuna Dawuda a kogon En-gedi, 1 Sama'ila 24, Saul da ke farautarsa da mutum dubu uku ya shigo har inda yake ɓoye shi kaɗai, mutanen Dawuda suka ce ai yau ce ranar da Ubangiji ya ba ka. Irin maganar da ƙanenmu na Kuseri ya yi yanzu ke nan. Dawuda gefen riga kawai ya yanka, shi ma sai da zuciyarsa ta dame shi. Ba kowace ƙofa da ta buɗe ce Allah ya buɗe ba.

Ɗan Kuseri:
Malam da girmanka amma Dawuda ai sarauta ke jiransa, yana da dalilin haƙuri. Shi wannan bawan Allah me ke jiransa, bashin adashi?

Malama (Garwa):
Ni dai ku bari in faɗi tawa ko za a ji haushi. Na yarda da Malam kan maganar duwan, wannan ramuwa ce tsirara. Amma ina tsoron inda zancen nan zai ƙare, don na san mu, yanzu za a taru a ce masa ka bar wa Allah ka bar wa Allah shikenan a watse, ɓarawo ya ci gaba da zagawa da kwandon baiko. Wannan kalma ta "bar wa Allah" ta zama bargon da macuta ke lulluɓa da shi a cikin ikilisiya, kuma kullum talaka da gwauruwa ake ce wa su bari, ban taɓa jin an ce wa mai kuɗi ya bar wa Allah bashinsa ba.
Wanda ya rubuta Romawa 12 shi ne ya rubuta 13, inda ya ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba. Bulus ɗin nan da aka yi musu dūka shi da Sila a Filibi ba shari'a, da gari ya waye aka aiko a sake su a ɓoye cewa ya yi a'a, su zo da kansu su fitar da mu, Ayyukan Manzanni 16 ku duba. Daga baya ma ɗaukaka ƙara ya yi zuwa gaban Kaisar. Gwauruwar da ke cikin Luka 18 fa, wadda ta hana alƙali sakat sai da ya bi mata hakkinta, Yesu bai zage ta ba, misali ya yi da ita. Saboda haka baba, neman jaka 900 ɗinka daban, neman ka ga bayansa daban. Na farko hakkinka ne da na matarka da na matan adashi. Na biyun ne ba naka ba.

Yar Mawaƙa:
Amma anti ba an hana mu kai ɗan'uwa kotu ba? 1 Korintiyawa 6

Malama (Garwa):
Ki karanta duka ƙanwata kar ki tsaya a rabi. A nan ne Bulus ya tambaye su wai ashe ba ko mutum ɗaya mai hikima a cikinku da zai iya raba gardama tsakanin 'yan'uwa? Ke nan aikin dattawan ikilisiya ne su zauna su yanke. In sun ƙi zama don mutumin yana ba da siminti a ginin coci, to su ne suka tura shi kotu ba shi ya kai kansa ba. Matiyu 18 ma ta shimfiɗa hanyar, ka same shi kai kaɗai, in ya ƙi ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a gaya wa ikilisiya. Baba ya yi ta farko ya tsaya, daga nan sai ya tsallake zuwa lambar ɗan duwan.

Mai Albasa (Marwa):
Hmm Malama kin taɓa inda ke min ciwo. Ban kai wa dattawa ba don ina ganin ba za su saurare ni ba, surukinsa na cikinsu. Kuma ba ni da shaida.

Direban Kamiyo (Ngaundere):
Jam na jama'a. Yanzu na tsaya cin abinci na ga wannan. Maigida wa ya ce maka ba shaida? Shekara 14 ina kan hanyar nan daga Marwa, Garwa, Ngaundere, Garwa-Bulai, Bertuwa, Yawunde har Duwala. Kamiyo ba ya kwana huɗu a hanya a ɓoye, mai motar ya sani, makanike ya sani, sauran masu kaya a motar sun sani don ai ba buhu 40 naka kaɗai ta ɗauka ba. Ka nemi mutum biyu da kayansu ke cikin wannan lodi ka tambaye su ko nasu ya ruɓe, in nasu ya isa lafiya to yaya naka kaɗai ya ruɓe, ko albasarka ce mai zuciya? Sannan dillalan Sandaga suna da littafi, suna rubuta buhu nawa aka sauke da sunan wa da nawa aka sayar, kuma yawanci kuɗin ta Orange Money ko MoMo ake turawa, ba ya ɓata. Turo min wata da ranar lodi ta gefe, jibi in Allah ya kai mu ina Duwala.
Maganar duwan kuma bari in gaya maka abin da zai faru don na sha gani. Ba shi za a kama ba. Yaran da ke ɗauko jarkoki a mashin cikin dare su za a kama, a ƙwace mashin ɗin da wataƙila na haya ne, mai gidan da aka ajiye kayan shi ma ya shiga uku, shi kuwa ogan ya san inda zai bi ya fita. Sannan ya gane kai ne, don Marwa ba ta da girma a irin wannan. Daga nan ko dala ba za ka ƙara gani ba, ya samu hujjar cewa ai kai ma ka jawo masa asara an yi ɗaya-ɗaya.

Ɗan Kuseri:
Ko bai samu kuɗin ba ai zuciyarsa za ta yi sanyi

Mama (Mokolo):
Ba ta yin sanyi ɗana. Ni ce zan gaya maka. Jikata ke rubuta min, ku yi haƙuri in an yi kuskure.
Mu mutanen Turu ne a kan dutse kusa da iyaka, yaƙin Boko Haram ne ya sauko da mu Mokolo. Daren da aka shigo unguwarmu an ƙone rumbunanmu uku cike da gero, an kora awaki, kuma an kashe ƙanen maigidana a bakin ƙofa. Wanda ya nuna musu gidan yaro ne da na sani tun yana rarrafe, ya sha cin tuwo a ƙwaryata. Ban ɗauki wuƙa ba ni tsohuwa ina zan iya, kowa ya tambaye ni sai in ce na bar wa Allah, har a zumuntar mata ana misali da ni wai ku dubi haƙurin Mama. Amma abin da nake yi a ɗaki Allah kaɗai ya sani. Kullum dare sai na ce Allah ya isa, Allah ka nuna min gawarsa, duk wanda ya zo daga wajen iyaka sai na tambaye shi ko an ji labarin wane, ina jira a ce ya mutu. Shekara da shekaru a haka. Abinci ba ya min daɗi, hawan jini ya kama ni. Ashe ban bar wa Allah komai ba, aikensa nake yi kamar yaron gidana, je ka kashe min wane ka dawo.
To a 2021 bayan mutuwar Shekau da mutane suka riƙa fitowa daga daji suna miƙa wuya ana kai su sansanin tubabbu na Meri, sai aka ce min yana ciki. Bai mutu ba. Daga baya wata Laraba na gan shi da idona a kasuwar Mokolo ya rame kamar kara yana ɗaukar wa mutane kaya, ƙafafuna suka mutu na zauna a kan buhun wata mai gyaɗa. Ranar na yi fushi da Allah irin fushin Yunana da aka ƙi hallaka Nineba. Na yi wata biyu ban je sujada ba.
Ban ce muku yanzu muna gaisawa ba, ba ma yi, kuma da hukuma za ta kira ni in faɗi abin da ya yi zan faɗa ba zan rage ko ɗaya ba. Abin da ya canja kawai na daina tambayar labarinsa, na daina zaɓa wa Allah irin hukuncin da zai yi da ranar da zai yi shi. Tun nan nake barci. Ɗana mai albasa, ka bi kuɗinka ta hanya, amma ka lura da addu'ar da kake yi da dare.

Yar Mawaƙa:
Wayyo Mama na kasa ma rubutu

Mai Bishara (Gidar):
Mama mun gode, kin yi wa'azin da ni ban isa in yi ba. Karin Magana 24:17 ta hana mu murna in maƙiyi ya faɗi, ashe jiran faɗuwar ma ciwo ne.

Baban Biyu:
Ni dai na san alhaki kwikwiyo ne mai shi yake bi. Ka sa ido ɗan'uwa, kafin shekara ta zagayo za ka ga yadda zai lalace, ko gobara ko ciwo. Akwai wani a garinmu da ya ci gonar marayu, wata shida bai yi ba ya shanye.

Mai Bishara (Gidar):
A'a ɗan'uwa kar mu yi masa alkawarin da Allah bai yi ba. Wannan ai shi ne abin da Mama ta gama faɗa yanzu, a zauna ana ƙirga kwanaki. Gaskiya ne Nabal da ya wulaƙanta Dawuda kwana goma kawai ya yi ya mutu, amma Saul fa shekaru ya yi a kan gado yana korar Dawuda daga kogo zuwa kogo. Asaf a Zabura 73 cewa ya yi saura kaɗan ƙafarsa ta zame don ya ga mugaye suna ƙiba ba ciwo ba damuwa. Habakuk ma kuka ya yi har yaushe. Wani macucin zai mutu a gidan bene da jikoki kewaye da shi a yi masa jana'iza da mawaƙa ƙungiya uku. In bangaskiyarmu ta rataya ga sai mun ga ya shanye to ranar da ya sayi sabuwar mota mun faɗi. Kuma ba kowane mai shanyewar jiki ne ya ci gonar marayu ba, kar mu sa marasa lafiyarmu cikin zargi.

Ɗan Kuseri:
Toh ni duk na ji, kuma Mama ki yafe ni ban san haka ba ne. Amma har yanzu akwai abin da ban gane ba. In kowa ya san ba ma ramawa me zai hana a riƙa yi mana? Tsoro ai shi ke tsare mutum. A unguwarmu wanda aka san zai rama ba a taɓa shi.

Dattijo (Njamena):
Ɗana kai da kake Kuseri ne kake wannan tambaya? Disamba 2021 ba a gabanka aka yi ba? Rigimar da ta tashi a wajen Logon-Birni tsakanin masunta da makiyaya, asalinta ruwa ne da ramukan da ake haƙawa don tare kifi shanu na faɗawa. Wannan ya rama wancan ya rama, cikin 'yan kwanaki wuta ta iso har cikin garinku, mu nan muna tsaye a bakin kogi muna kallon mata da yara dubbai suna tsallakowa, wasu ko takalmi babu. Kowane ɓangare tsoron ya so ya sa wa ɗayan. Wa aka tsare?
Ni kuma na ga wadda ta fi ta. Ina saurayi a Fabrairun 1979 da yaƙi ya ɓarke a Njamena, aka kashe 'yan kudu a nan, labari ya isa kudu aka tashi aka rama a kan 'yan arewa 'yan kasuwa da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, mutanen da aka yi shekaru ana maƙwabtaka. A cikin masu ramawar akwai masu zuwa coci, ba zan ɓoye ba. A 1980 mu ma Kuseri muka gudo a kwalekwale. Ramuwa ba ta taɓa faɗa wa mai laifin shi kaɗai, kamar yadda direba ya ce, yaran mashin take samu.
Amma ka dubi ɗaya hanyar. Hissène Habré, shugaban Cadi na lokacin, ya faɗi a 1990 ya gudu Senegal. Waɗanda aka azabtar a gidajen yarinsa, Kirista da Musulmi, ba su ɗauki bindiga ba kuma ba su yi shiru ba, suka riƙa tara sunaye da takardu suna bin kotu ƙasa-ƙasa ana musu dariya, sai a 2016 kotu a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai, yana cikin wannan hukunci ya mutu a 2021. Shekara 26 fa. Da yawansu sun riga mu gidan gaskiya ba su ga ranar ba, wasu sun gani amma ba su ga diyya ba, shari'ar duniya ke nan ko ta zo guntuwa ce. Ni dai a wajena waɗannan mutane ba ragwaye ba ne, sun fi mai ɗaukar adda jarumtaka nesa ba kusa ba.

Ɗan Kuseri:
Baba na tuna, shagon kawuna ma ya tafi a lokacin. Na yi shiru. Amma shekara 26 kam da yawa.

Dattijo (Njamena):
Da yawa ɗana. Ban ce da sauƙi ba.

Malama (Garwa):
Mu dawo kan baba mai albasa kar zance ya tafi Dakar ya bar shi a Marwa. Ga abin da nake gani. Ka jira direba ya dawo da abin da ya samo. Ka nemi masu kaya biyu. Sannan ka rubuta wa fasto da dattawa a takarda, ba a baki ba, ka riƙe kwafi, ka kuma roƙa surukinsa ya fita daga zaman don ba a alƙalanci a kan na gida. Ka tafi da matarka don kuɗinta ne. In sun yi wasa da maganar akwai lawan, akwai fadar lamido, akwai kotu, ba zunubi ba ne. Kuma in ya ce ya tuba a gaya masa tuban Zakka ake so, wanda ya ce zai mayar ninki huɗu, mu ko ninki ɗayan ma ya isa. Tuban hawaye a gaban bagade aljihu a rufe mun gaji da shi.

Mai Albasa (Marwa):
Na gode ƙwarai 'yan'uwa, useko. Mama maganarki ta hana ni barci jiya don irin addu'ar da nake yi ke nan sak. Zan bi yadda Malama ta ce. Direba na turo maka.

Admin:
Dan Allah masu turo min ta gefe wai in faɗi sunan mutumin ko cocin ku daina, ba za a faɗa ba a nan.

Direban Kamiyo (Ngaundere):
Na dawo. Maigida duba wayarka na tura maka hoton shafin littafin dillali. Buhu 40 cif, biyu kawai aka ware masu laushi. Sai da na saya wa yaron dillalin shayi da burodi kafin ya buɗe min, ka biya ni in mun haɗu hhh

Mai Albasa (Marwa):
Salama. Yau sati biyar ke nan, na ga ya kamata in dawo in gaya muku yadda aka yi tunda kun ɗauki abin kamar naku. An zauna ran Asabar biyu da suka wuce a ofishin fasto, surukin ya ƙi fita da farko sai da fasto ya ce to shi ma ba zai zauna ba. Mutumin ya fara da rantse-rantse kamar yadda ya saba har da cewa ina ɓata masa suna, sai na ajiye wayar a kan tebur da hoton, ga kuma mutum ɗaya cikin masu kayan ya zo, ɗayan ya ƙi. Ya yi shiru ya fi minti biyar yana kallon ƙasa yana murza hularsa. Da ya buɗe baki sai ya ce bashi ne ya ci shi, wai tun da Tinubu ya cire tallafin mai a 2023 zua-zua ta daina riba kamar da, masu ba shi kaya a can suna binsa, ya ce zai juya kuɗina ne ya mayar kafin in sani. Matata ta ce masa to da ka ce bashi kake so ai da ka tambaya, me ya kawo ƙaryar ruɓewa har maigidana na yi maka jaje? Bai amsa ba.
An rubuta takarda kowa ya sa hannu, zai riƙa biyan jaka 50 duk wata ta hannun ma'ajin coci, jaka 850 aka tsayar don an cire buhu biyun da kuɗin sauke kaya. An ɗauke shi daga karɓar baiko an sa shi ƙarƙashin horo. Na farko ya biya, matata ta kai wa uwar adashi a ranar. Wasu a coci yanzu ba sa gaishe ni sosai wai na tona asirin ɗan'uwa, to.
Ba zan yi muku ƙarya ba har yanzu in na gan shi ƙirjina na zafi, na koma zama ɓangaren taga don kar mu haɗa ido. Fasto ya ce in riƙa yi masa addu'a, na gwada, bakina ya yi nauyi, iyakar abin da na iya shi ne Allah ka ba shi abin da zai biya ni. Ban sani ba ko wannan ta shiga lissafi.

Mama (Mokolo):
Ta shiga ɗana. Ni da wadda ta fi wannan gajarta na fara.

Ɗan Kuseri:
Lambar ɗan duwan fa yayana, tana nan?

Mai Albasa (Marwa):
Madam ta goge tun ranar da na nuna mata maganganunku, ban ma sani ba sai da na je nema. Kar ka tambaye ni me ya kai ni nema.

Malama (Garwa):
Wata 17 ke nan in bai yi latti ba. Ka riƙa karɓar resi kowane wata wajen ma'aji baba, kar a koma gidan jiya.

Direban Kamiyo (Ngaundere):
Maigida bana nawa buhu a Meskin? In za ka yi lodi ka biyo motata ka je Duwala da ƙafarka ka ga Sandaga ɗin nan, gaba akwai wuri, sai dai ka zo da bargo don sanyin Ngaundere ba irin na Marwa ba ne.